Hoton Kan Raihanatu

Talata, 5 ga Agusta, bayan la'asar. Salaga

Muniratu, matar autana Kamaldeen, ta dawo daga Yendi da takarda. Kwana biyu ta yi a can wajen yayarta Fauziya mai aikin nas, duk don a leƙa hancin jikata. Abin da ta samo mana shi ne hatimi, da ranar zuwa Tamale, da umarni cewa kada kowa ya taɓa.

Kowa. A gidan nan mutum ɗaya ne yake da aska.

Raihanatu watanta goma sha biyar. Amarya nake ce mata, ita kuma ta amsa da jan gemuna. Abin da ke hancinta na hagu ɗan nama ne kamar jiƙaƙƙen wake, ya toshe hanya, idan ta yi barci sai munshari kamar tsohon direban Kumasi. Na cire irinsa goma sha ɗaya a rayuwata. Tun fataken goro suna sauke jakuna a garin nan gidanmu ke riƙe da aska. Babu namiji a unguwar nan da bai kwanta a gabana yana ihu ba, har da liman.

Na ce, "To, me suka ce sunansa?"

Muniratu ta durƙusa daga nesa ta ce, "Baba, dokta ya ce bai san sunanshi ba tukuna. Sai an yi sikan, an ɗauki hoton cikin kai. Ya ce wani lokaci nama ne kawai, wani lokaci kuma abin daga sama yake saukowa."

"Daga sama ina? Wajen mala'iku?"

"Daga ƙwaƙwalwa, Baba."

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Na ce mata na san mutane da yawa da ƙwaƙwalwarsu ta sauko, amma duk ta baki ta fito, kuma yawancinsu daga Bawku aka kawo su. 'Yar Bawku, wato Muniratu, ta sunkuyar da kai. Matata Abibata ta harare ni. Kamaldeen ya tsaya kallon takalminsa, can ya ce, "Baba, mako biyu ne kawai. A bari a yi hoton."

Yaron da na yi wa kaciya da hannuna yake ce mini a bari.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan azahar

A ƙofar masallaci, ana neman takalma, Awudu mahauci ya ɗaga murya: "Sarkin Aska, an ce an kai amaryarka Yendi a nemo mata wanzami?"

Aka yi dariya. Wani ya ce ai yanzu ko ƙurji sai an ɗauke shi hoto, a ba shi fasfo. Awudu ya ce, "Ba laifi, hannu ma yana tsufa."

Ni ma na yi dariyar. Na iya.

Juma'a, 8 ga Agusta, da hantsi

Na fita da Raihanatu hasken rana. Na ƙwace ƙosan da ke hannunta don ta yi kuka in ga ciki sosai. Da ta yi kukan sai naman ya kumbura ya cika ƙofar hancin. Da ta yi shiru sai ya koma. Na ɗora ɗan yatsa a kai. Yana motsi, kaɗan-kaɗan, irin motsin maɗigar jariri.

A cikin goma sha ɗayan nan babu wanda ya yi motsi. Na tuna su duka.

To amma yatsa ma yana da jijiya. Wataƙila nawa na ji.

Na mayar mata da ƙosanta. Ta ba ni rabi.

Litinin, 11 ga Agusta, da safe

Kamaldeen ya tafi Kpandai lodin sabuwar doya, daga can sai Kumasi, kwana shida. Yau kasuwa. Muniratu ta goya yarinya za ta fita, na ce rana za ta yi zafi, ta bar mini amaryata.

Ta tsaya tana kallona, hannunta a kan ɗaurin zani.

Na ce, "Cinye ta zan yi?"

Ta sauke ta.

Litinin, bayan azahar

Abibata ta ce a'a sau biyu. A na uku ta riƙe ƙafafun.

Hannuna bai yi rawa ba. Jini kaɗan ne, bai kai na cire beli ba. Abin da ya fito cikinsa fari ne, da taushi, ba irin na goma sha ɗayan ba. Na binne shi bayan rijiya. Na wanke ƙaramar askar sau uku, na mayar da ita zabira.

Abin da ban gane ba shi ne ruwan da ya biyo bayan jinin.

Litinin, kafin magariba

Muniratu ta ajiye kwando, ta ɗauki 'yarta, ta juya fuskarta wajen haske. Ta daɗe.

"Baba, ina naman?"

"Ya fashe da kansa. Tana wasa, ta yi atishawa, shi ke nan. Kin ga an huta da Tamale."

"An taɓa shi?"

"A gidana kike tambayata?"

Ta juya wajen Abibata. Abibata tana tsince shinkafa, ta tsince ta har ba sauran tsakuwa, ta sake farawa.

Talata, 12 ga Agusta, da hantsi

Ta yi barci ba munshari. Na faɗa wa Muniratu ta saurara. Na faɗa wa maƙwabciya ma.

Hancin yana zuba. Gefe ɗaya, na hagu. Ba majina ba ce, ruwa ne garai kamar na rijiya. Idan ta sunkuya ɗaukar wani abu sai ya ɗigo a jere, ɗis, ɗis, ɗis. Na taɓa a harshe. Gishiri.

Na ce mura ce. Damina muke.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan la'asar

Hancin yana zuba.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan azahar

Jikinta ya yi zafi. Ta ƙi nono, ta ƙi koko. Na miƙa mata gemu, ba ta ja ba.

Muniratu ta zo zaure da mayafi a kai. Mutanen Bawku kowa "shi" ne a bakinsu, mace da namiji, shekara uku tana gidan nan ban iya gyara ta ba. Ta ce, "Baba, jikinshi na zafi. Na kira Fauziya, ya ce idan ruwa na fita a hanci kuma ga zafi, in kawo shi yau-yau. Ina neman izini."

Na ce mijinta ya bar ta a hannuna, ba za ta hau mota da yarinya cikin ruwan sama ba sai ya dawo. Na ce zazzaɓin sauro ne, Abibata za ta karɓo ƙwaya a kemis. Na ce Fauziya ta yi aure tukuna kafin ta riƙa ba gidajen mutane umarni.

Lissafina shi ne kwana huɗu. Ciwon askata kwana huɗu yake yi ya rufe baki, tun da nake bai taɓa wuce haka ba. Idan ya rufe, su kai ta duk inda suke so, su ɗauki hoto har da na bango.

Ta ce, "Baba, don Allah."

Na ce ta rufe mini ƙofa idan ta fita, kaji na shigowa.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan saukowa daga masallaci

Ba ta son haske. An rufe taga da zani. Na ɗaga kanta in ba ta ruwa, wuyan ya taso gaba ɗaya da kafaɗu kamar katako, ta yi wani kuka siriri wanda ban san ta da shi ba.

Muniratu ta samu Kamaldeen a waya, ya ce a ba ni. "Baba, me ka gani? Ita duk ta rikice, ba na gane maganarta."

Na ce zazzaɓin damina ne, ya gama sayar da doyarsa a natse.

Ya ce, "Alhamdu lillahi da kana nan."

A tatsuniyoyin kakata, a daidai nan ne wata tsohuwa take ɓullowa daga kurmi da ɗan ƙulli a hannu. Na zauna ina duban ƙofa har la'asar. Mai tallan fura ce kaɗai ta leƙo.

Kwana huɗu sun cika. Hancin yana zuba.

Asabar, 16 ga Agusta, da safe

Na dawo daga sallar asuba na tarar ɗakin su Muniratu a buɗe. Ta tafi. An gan ta a tasha ta shiga motar farko mai zuwa Bimbilla da Yendi, yarinya a ƙirji ba a baya ba.

Wani ya zare mata sakatar ƙofar gida. Abibata ta ce barci take yi.

Na kira Kamaldeen na ce matarsa ta fita ba da izinina ba. Na faɗa sau biyu don layin ba shi da kyau.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan azahar. Yendi

Jiya muka iso ni da Kamaldeen. Ya baro doya a hannun dillali. Tun a bakin ɗakin yara ya fara da matarsa, "Wa ya ba ki izini?" Ta kalle shi kamar ya yi mata magana da Yarbanci. Ba ta runtsa ba tun Asabar, an gani a idon.

Raihanatu na kan gado, robar ruwa a hannu. An soka mata allura a gadon baya an zuƙo ruwa, an ce ya kamata ya fito garai, ya fito kamar ruwan wankin shinkafa. Sanƙarau. Likitan yaro ne, ba gemu, da ladabi. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Baba, kwana nawa tana zafi kafin a kawo ta?"

Muniratu ta ce, "Biyu."

Ya rubuta. Bai ɗago ba ya ce a wannan ciwon kwana biyu ba kaɗan ba ne.

Ya ce, "Akwai wanda ya sa mata wani abu a hancin? Tsinke, ko auduga, ko maganin gida?"

Kamaldeen ya ce, "Babu. Babana wanzami ne, shi ya ce zai cire tun farko, muka hana shi."

Fauziya tana tsaye da tire a hannu. Ta dube ni, daga hula har takalmi. Ƙanwarta a ƙalla tana sunkuyar da kai.

Sun ce idan zafin ya ɗan sauka za a kai ta Tamale a motar asibiti. Hoton dai, hoton dai.

Talata, 19 ga Agusta, da hantsi. Yendi

Yau ce ranar da ke jikin takardarsu ta farko.

Raihanatu ta yi jijjiga sau biyu. Na fita na zauna ƙarƙashin mangwaro.

Laraba, 20 ga Agusta, kafin magariba. Tamale

Zan rubuta shi yadda ya faru, ko kusa da haka.

Na'ura biyu ce. Ta farko ba ta daɗe ba, an ce ita ke ganin ƙashi. Ta biyu ita ke ganin tsoka da ruwa, a ɗakinta ba a shiga da ƙarfe, har ɗan kunnen yarinyar sai da aka cire. Mai gadin ƙofa ya ga zabirata ya ce in koma can nesa. Na hango ta kafin a rufe: bakin rijiya ne aka kwantar a gefe, aka zura amaryata a ciki da kai. Sai ƙara, kamar injin niƙa ya haɗiye dutse. Kamaldeen ya toshe kunnuwa yana salati. Ya ce, "Baba, wannan abin ba zai ƙarasa ta ba?" Na ce Allah ne masani.

Bayan la'asar aka kira mu ofis. Likitar mace ce, Badagomba, gajera, Turanci take yi Fauziya na mayar mana. Ta kunna allo. Ga kan jikata an yanka shi fale-fale kamar doyar suya, ana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, ba jini ko ɗigo. Shekara hamsin da biyar ina aiki a kan kawunan mutane, sai yau na ga abin da ke ƙarƙashin hannuna.

Ta sa bakin biro ta ce, "Wannan farin ƙashi ne. Shi ne rufin hanci, shi ne kuma daɓen da ƙwaƙwalwa ke zaune a kai. Nan ya kamata ya haɗe. Kun ga bai haɗe ba. Da wannan ramin aka haife ta, ba laifin kowa ba ne."

Ta canja hoto. "Ga ƙwaƙwalwa. Ga inda ta leƙo ta ramin, cikin jakarta, ta sauko hanci. Abin da kuke gani a waje kuna ce masa nama, ƙarshen jakar ne. Shi ya sa muke cewa kada a taɓa sai an yi hoto, don daga waje ni ma ba zan iya bambance su ba. Wata goma sha biyar jakar nan tana rufe. Da haka ta zo mana, aiki ne da ake yi, a toshe ramin, yaro ya tashi ya yi makaranta."

Ta matsar da bakin biron ƙasa.

"Yanzu ƙasan jakar babu shi. Ruwan da ke zuba shi ne ruwan da ƙwaƙwalwa ke kwance a ciki. Ta inda ya fita, ta nan cuta ta shiga. Na leƙa da fitila. Abin da ya fashe da kansa bakinsa ba ya miƙewa haka. Wa ya yanka?"

Bakin ya miƙe. Ko a Tamale an shaida aikina.

Muniratu ta ce, "Baba ne."

A hankali ta faɗa, kamar mai faɗin farashin tumatir.

Kamaldeen ya ce, "Me kika ce?"

"Ranar kasuwa. Na bar shi da Baba, na dawo babu naman. Ka tambayi Mma Abibata."

Ya juyo. "Baba?"

Na gyara zama. Na ce, "Shekara saba'in da uku, sai yau ɗana ya tsayar da ni gaban mata yana tambayata." Na ce idan ana neman wanda ya taɓa hancin, a fara da wadda ta kwashe ta zuwa Yendi har sau biyu, da yayarta mai yawo da almakashi a aljihu. Na ce ni an hana ni, kowa ya ji an hana ni.

Fauziya ta ƙi mayar wa likitar da wannan. Ta ce da Hausa, "Tsoho, ka ji tsoron Allah."

Kamaldeen ya miƙe ya ce wa matarsa, "Ubana kike ƙullawa?" Likitar ta kashe allon ta ce mu fita mata daga ofis, tana da yarinya a gado.

Na lura ban ce ban yi ba.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan azahar. Tamale

Ba ta buɗe ido ba. An ce ba maganar aiki sai ciwon ya sake ta.

Na shiga lokacin da uwar ta fita alwala. Na ce, "Amarya." An manna mata auduga a ƙarƙashin hanci, ta jiƙe.

Gobe zan faɗa wa Kamaldeen.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan la'asar. Salaga

Mun dawo. Mota ɗaya, mu huɗu. A cinyata aka ɗora gawar.

Liman ya ce in shiga gaba wajen sa ta, ni ne kaka. Ramin bai kai tsawon hannuna ba.

Asabar, 23 ga Agusta, da hantsi

Gida cike.

Lahadi, 24 ga Agusta, kafin magariba

Sadakar uku. An yi waina, an yi gumba. A zaure maganar ɗaya ce. Awudu mahauci ya ce ɗan ƙanwarsa ya taɓa shiga na'urar nan, wuta ce ake kunna wa kai, babba ma da ƙyar, balle jaririya. Wani ya ce ai da ƙafarta ta je, hoton ne ya narkar da ƙwaƙwalwar. Ban gyara masa ba cewa ba ta fara tafiya sosai ba. Awudu ya kama hannuna ya ce, "Sarkin Aska, ga gwani a gida aka tsallake. Matan yanzu."

Na gyaɗa kai.

A cikin gida mata sun kewaye Muniratu, suna yi mata gaisuwa da baki, suna faɗa wa juna sauran da ido. Ta taso ta zo har bakin zaure, ba mayafi, gaban mutane, ta ce, "Baba, ka faɗa musu."

Na ce a kama ta, baƙin ciki ya taɓa mata kai.

Kamaldeen ya fito. Bai daka mata tsawa ba. Ya ce, "Kin fita ba izini, kin kai ta an kashe, yanzu kina tozarta ubana ranar sadakarta. Na sake ki, Muniratu. Ki bi 'yar'uwarki."

Liman ya ce, "Haba Kamalu, ba yau ba." An riga an ji.

Ta ɗauki jakar hannu da babban ambulan ɗin hotuna. Ko takalmi biyun ba iri ɗaya ta sa ba.

Talata, 26 ga Agusta, bayan azahar

Abibata ta kwashe tabarmarta ta koma ɗakin da Muniratu ta bari. Tana ajiye mini tuwo a bakin ƙofa, kamar yadda ake yi wa mai ƙyanda.

Na tare ta wajen rijiya na ce shekara arba'in da tara ba ta taɓa yi mini haka ba. Na ce idan ta buɗe baki, ta tuna ba ni kaɗai ba ne a ɗakin.

Ta ce, "Na sani. Ƙafafun suna nan a hannuna."

Ta ja gugarta.

Laraba, 27 ga Agusta, da safe

An kawo mini jariri askin suna. Na yi. Sun ce hannuna da sauƙi.

Gobe zan faɗa masa.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan la'asar

Kamaldeen ba ya fita. Ya tattara kayan ɗakin Muniratu ya ɗaure, tukwane, katifa, keken ɗinki. Ya ce ba zai aika da su a hannun direba kamar buhun gawayi ba, ubanta mutumin kirki ne, sai babba ya raka. Ya ce, "Baba, na san ta ɓata maka. Amma kai ne babba."

Na ce zan je.

Lahadi, 31 ga Agusta, kafin magariba. Bawku

Jiya muka wuni a hanya. Tamale, Walewale, Bolga, shinge bayan shinge, kowane soja sai ya leƙa cikin tukwane.

Alhaji Fadlullah, uban Muniratu, dillalin shanu ne, dogo, mai sanyin murya. Ya yanka mini zabi biyu. Ya shimfiɗa mini buzunsa ya zauna a ƙasa. Ya ce rasuwar tamu ce duka, saki kuma ɗaya ne, idan zuciya ta huce a zauna. Ya ce ya ji abin da 'yarsa ta faɗa a kaina, kunya ta hana shi barci. Ya aika a kira ta.

Ta rame. Ta shigo da ambulan a hannu ɗaya, Alƙur'ani naɗe da ɗankwali a ɗayan. Ba ta gaishe ni ba. Ta zaro baƙin hoton nan, ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga shi wajen rana.

"Alhaji, ka duba. Ga ramin. Ga inda jakar ya sauko. Ga inda ya ƙare. Dokta ya ce ƙarfe ne." Ta ajiye littafin a gabana. "Baba, ba na neman aure. Ba na son komawa Salaga. Ka ɗora hannu ka ce ba kai ba ne, in yarda ni na kashe ɗiyana, in huta."

Da alwalata. Na yi ta ne kafin a kira ta, ina sane. Na dubi littafin, na dubi hoton. Ta cikinsa ina hango shanun ubanta a garke, suna wucewa ta bayan ƙoƙon kan. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe.

Alhaji Fadlullah ya miƙe ya ɗauke littafin ya ɗora a saman kabad. Ya ce, "Ba a gidana ba. Sa'an ubana ya taso tun daga Salaga ya kawo miki tukwanenki, ki ba shi rantsuwa? Wa ya rene ki?"

"Alhaji, ka bari ya faɗa."

"Durƙusa."

"Alhaji."

"Durƙusa ki nemi gafara, ko ki nemi wani uban."

Ta daɗe a tsaye. Ƙannenta sun taru a bayan labule. Can gwiwa ɗaya ta sauka, sannan ɗayar. Idonta a kaina, ba hawaye.

Ta ce, "Baba, ka yafe mini."

Kowa yana jira. Zabin suna hucewa.

Na ce na yafe.

Litinin, 1 ga Satumba, da hantsi. Tashar Bawku

Na buɗe jakata neman goro na tarar da ambulan ɗin a ciki. Ba rubutu, ba saƙo.

Na zaro shi sau ɗaya a mota, na manna a gilashi. Matar da ke kusa da ni ta ce, "Baba, kan wa ne?" Na ce na wata yarinya. Ta ce, "Allah ya ba ta lafiya." Na ce amin.

Laraba, 3 ga Satumba, bayan la'asar. Salaga

Na yi wanka, na sa farar riga. Na ce wa Abibata ta zo ta zauna, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Na sa ambulan ɗin a ƙarƙashin cinyata, na aika a kira Kamaldeen. Na shirya maganar tun daga Walewale, na san farkonta, na san tsakiyarta.

Ya shigo, rigar ta yi masa yawa. Ya zauna a ƙasa.

Na ce, "Kamalu, game da Raihanatu. Ranar da ka tafi Kpandai."

Ban kai ga kalma ta gaba ba ya kifa fuskarsa a kan ƙafafuna. Kafaɗunsa suna rawa. Ya ce, "Baba, kada ka faɗa, na sani. Kullum da shi nake kwana. Ka ce za ka cire, na ce a bari. A gaban matata na ce maka a bari. Da na bar ka ka cire shi tun ranar farko, da tana nan tana ja maka gemu. Ni na kashe ta, Baba. Ka yafe mini."

Abibata ta ce, "Malam." Sau ɗaya.

Sumarsa ta yi yawa, tun rasuwar bai yi aski ba. Na ɗora hannu a kai.

Na ce na yafe masa.